Kawu Mode Kwana-Biyu da Ƙafafun Zainu

A gyara zama, a rage rediyo, wanda bai samu tabarma ba ya jawo bulo. Ga Mode ɗan Shaihu na Mandera ta ƙasar Shagari: babban masanin ƙafafun 'yan ƙwallo wanda bai taɓa shurin ƙwallo ba, shugaban makarantar hutu mai ɗalibai biyu rak, dukansu masu ƙaho da wutsiya, mutumin da ya taɓa tambayata ko laifi gola ya yi aka tsayar da shi a baya shi kaɗai. Mutanen gari suna ce masa Mode Kwana-Biyu. Ni Kawu nake ce masa, saboda wan mahaifiyata ne, kuma saboda sandarsa ta fi ni gudu.

Ni kuwa Sama'ila ne. Na yi sakandare har aji biyar, muka rabu da ita ba faɗa. Na ja keke mai ƙafa uku a Bodinga wata huɗu, na yi cajin waya, na yi lodin albasa, kowanne na bar shi kafin ya bar ni. Yanzu ni ne kocin Guguwar Mandera, ƙungiyar samarin garinmu, kuma ni na naɗa kaina, don babu wanda ya nemi kujerar.

Kawu Mode gajere ne, siriri, ƙafafunsa kamar karan gero. Shekarunsa sun kusa sittin. Sana'arsa huɗa da shanu. Yana da bijimai biyu bokolo, Babba da Ƙarami, kuma Ƙaramin ya fi Babban girma tun shekara uku da suka wuce, amma babu wanda ya isa ya sa a sauya suna. Dokarsa ɗaya ce kowa ya sani: kwana biyu a ɗaura karkiya, na uku a kwance. A ranakun aikin ma daga sallar asuba ne zuwa hantsi ya yi zafi, sai ya saki garma ko da saura kunya uku a gama gonar. Ran hutu bijiman nan suna kwance a gindin dogon yaro, ga dusa, ga harawa, ga kanwa, suna tuƙa suna kallon masu wucewa gona kamar masu duba aikin ma'aikatansu.

Na sha ganin magidanta tsaye a kansa suna roƙo.

"Mode, ruwa ya sauka jiya, ƙasa ta yi laushi, yau ne za ka kwance shanu?"

"Ranar hutunsu ta."

"Shanu sun san ranaku ne?"

"Ni na sani."

Daga nan sunan ya fito. Wasu suna cewa lalaci ne, ya laƙa wa shanu. Ni ma na faɗa, a inda ba zai ji ba.

Matarsa, Inna Atika, ita ta ba ni asalin abin, don shi bakinsa ba ya buɗuwa a kan wannan. Shekarar da suka yi aure damina ta makara, ruwa ya zo lokaci ɗaya, kowa yana son huɗa a mako guda. Yana saurayi mai jin ƙarfi, yana da wani jan bijimi da ya gada wajen mahaifinsa. Ya yi kwana tara yana aiki da shi safe da yamma. A rana ta tara, a wata gona can wajen Lambara, bijimin ya durƙusa a tsakiyar kunya. Aka buga, aka ja wutsiya, aka zuba masa ruwa, bai tashi ba. Nan aka yanka shi. Inna ta ce Kawu ya dawo gida da igiyar a hannu, ya rataye ta a bayan ƙofa, bai ci naman ba. Igiyar tana nan har yau, ta zama baƙa.

To, wannan mutum shi ne mahaifin Zainulabidin, wanda muke ce wa Zainu, ɗan wasan gabana kuma taubashina. Shekararsa sha shida. Shi kaɗai ne ɗa namijin da ya rage a gida, shi ke riƙe igiya a gaban shanu uban yana bayan garma. Dogo ne, ya ɗauko dangin uwa, kuma in ya sa ƙwallo a gaba sai dai ka bi shi da addu'a. Ra'ayin Kawu a kan wasan gajere ne. "Ƙatti ashirin da biyu na bin fata guda," in ji shi, "wanda ya kama ta kuma ya shure ta."

Da rani na gano ilimi. A waya na gano shi, inda ake gano komai yanzu. Na ga bidiyon Turawa suna ɗora wa 'yan wasa ƙarfe a kafaɗa, suna tsugunawa suna tashi, ana cewa daga nan tsalle da gudu suke fitowa. Na samo gwangwanayen fenti, na cika da siminti, na soka bututun ƙarfe a tsakiya. Na roƙo tsohuwar tayar tarakta. Na ƙara da tsallen kwaɗo, wanda malamanmu na firamare suka koya mini kyauta ba tare da sun san horo suke ba ni na zama koci ba.

Awo ma na tsara. Kowane yaro zai tsoma yatsu a ruwan bula, ya tsaya jikin bangon ajin firamare, ya daka tsalle ya mari bango. Inda shuɗin ya tsaya, nan ne matsayinsa a duniya. Gudu kuma daga dogon yaron bakin fili zuwa rijiya, mita talatin in ji takuna, ina riƙe da waya ina dannawa.

Sau uku a mako muke yi, ba don hikima ba. Sauran ranakun akwai Islamiyya, akwai kasuwa, akwai iyaye masu aike. Na riƙa jin haushin ranakun nan da ake sace mini.

Kuma ƙarfen ya yi aiki, wannan ba zan ɓoye ba. Cikin mako takwas shaidar Zainu a bango ta hau da yatsu huɗu. Gudunsa ya sauko daga sakan huɗu da ɗigo tara zuwa huɗu da ɗigo shida. Mansur, kyaftin ɗinmu, wanda da in ya yi tsalle ƙasa ba ta lura ya tafi ba, shi ma ya hau da yatsu uku. Na sayi usur. Na fara tafiya da hannu a baya.

Ana nan sai labari ya zo: wata makarantar koyon ƙwallo daga birnin Sakkwato za ta zo Bodinga ran wata Asabar, saura mako uku, ta zaɓi yara uku daga ƙauyukan yankin, ta ɗauke su da karatu da kwana da ci. Kuma kafin a ba kowa ƙwallo sai an auna tsallensa da gudunsa. Wanda ya faɗi awo, ko takalmi ba zai ɗaura ba.

Zainu ya kwana biyu yana zagaye uban kafin ya faɗa masa. Kawu yana gyaran karkiya, bai ɗago ba.

"Ka tahi sau guda," ya ce. "In sunka ɗauke ka, Allah ya ba da sa'a. In ba su ɗauke ka ba, ka ba Sama'ila takalman ya ƙara da tarkacenai, ka riƙe igiya, kuma kar in ƙara jin zancen ƙwallo gidan ga."

Ka ji magana ba kwana. Asabar ɗin nan ita ce komai ga Zainu: ko birni, ko gaban shanu har ya gaji garma.

Sai na zauna na yi lissafi, da ilimin aji biyar. In atisaye uku a mako ya ba da yatsu huɗu, to sha huɗu a mako fa? Na ga Zainu yana tsallake ajin firamaren gaba ɗaya, yana sauka a ofishin hedimasta. Na sanar da sabon tsari: bayan asuba ƙarfe, bayan la'asar taya da tsallen kwaɗo, kullum, har Juma'a. Wanda ya ce hutu, na ce ya je ya nemi gurbi wajen shanun Kawu.

Abu ɗaya lissafin bai ɗauka ba. Damina ta riga ta sauka. Yaran da nake sallama da safe ba gado suke komawa ba kamar na cikin bidiyo. Hauya suke ɗauka su tafi noman gero har azahar, su dawo mini da la'asar in ɗora musu siminti. Ni ban san da wannan ba sosai, saboda ni da gona mun daɗe da fahimtar juna.

Mako na farko shaidar bango ta tsaya cik. Mako na biyu ta fara gangarowa. Sabon shuɗi yana faɗawa ƙarƙashin tsohon shuɗi, yatsa ɗaya, yatsu biyu, yatsu uku. Gudun Zainu ya koma huɗu da ɗigo tara, sai biyar cif. Na zargi wayar, na ari ta Mansur, ita ma ta haɗa baki da tawa. Na zargi tuwo. Na zargi kallon waya. Na tara su na yi musu jawabi a kan 'yan matan Lambara da illarsu ga gwiwa. Suna tsaye suna gyangyaɗi. Da na ga duk wannan bai yi ba, sai na yi abin da kowane masani zai yi: na ƙara siminti a gwangwanayen.

Ran Laraba, saura kwana uku, Zainu bai zo da wuri ba. Daga baya ya ba ni labarin abin da ya tsayar da shi. Uban ya zauna yana kallonsa yana tashi daga tabarma, ya ga sai da ya dafa bango. Ya ga ɗumamen da ya bari rabi a kwano. Ya ce masa ya taka zuwa ƙofar gida ya dawo. Ya ce ya sake. Ya tsuguna ya danna masa cinya da babban yatsa, yaron ya yi ƙara. Ya ja fatar idonsa ya duba. Zainu ya ce yana jira a buɗe masa baki a ƙirga haƙora.

Duk da haka ya sulale ya zo fili. Yana ƙarƙashin ƙarfe, ya tsuguna ya kasa tasowa, sai ga Kawu da sanda a kafaɗa. Shekara biyu ina koci, ran nan ya fara taka filin.

"Kawu, barka da asuba. An zo kallon ilimi?"

"Sauke mai abin ga."

"Saura takwas ya cika."

"Sama'ila, sauke mai."

Na sauke. Ya zagaya gwangwanin, ya taɓa shi da sanda.

"Wa yac ce ka aza ma yaro wanga kullum?"

"Turawa, Kawu. A waya. Masu digiri."

"Turawan na zuwa noma in sun gama?"

Na ce ba a nuna wannan ɓangaren ba.

"Yaron ga ya ƙone," ya ce. "In bijimi na ne, ko ɗan maraƙi ba ni bari ya ja. Kwana ukku ba ya ɗaukar komi."

"Kwana uku? Kawu, Asabar ce gwajin. Ƙarfin da muka tara duk zai zube."

"Ina zai zube? Tulu ne?"

Yara suka fara dariya, Mansur har da zama a kan taya. Na ce masa wannan kimiyya ce, ba huɗa ba. Na ce ɗan adam ba sa ba ne. Ya dube ni daga hula har silifa.

"Gaskiya ne," ya ce. "Sa in ya gaji kwantawa yake, ba ya jiran usur. Zainu, wuce."

Ya tasa shi gaba kamar yadda yake tasa Ƙarami. Na tsaya a tsakiyar fili ina faɗa wa sauran cewa sun ga zagon ƙasa da idonsu: tsoho yana son mai riƙe igiya, ya ga hanyar kayar da yaro a gwaji ba tare da ya hana shi zuwa ba. Na yarda da maganar nan ƙwarai lokacin da nake yin ta. Don in rama, na ƙara wa sauran zagaye biyar.

Ran Alhamis da hantsi na je sato ɗan wasana. Na same shi a gindin dogon yaro, a miƙe a tabarma, tsakanin Babba da Ƙarami, su uku suna tuƙa. Inna Atika tana zaune a kan turmi da ƙwaryar fura, ta tsare hanya.

"Taubashi," na ce, "an zuba maka kanwa ko sai an jima?"

"Koci, wallahi barci nike tun jiya. Ban san ina jin barci haka ba."

"Tashi mu je ka ɗan ɗaga ko goma."

"Ka taɓa shi," in ji Inna, "ka ga yadda ludayi ke tashi sama. Ka auna da bularka."

Na tambayi ina Kawu. Ta nuna gabas da haɓa.

Gonar geronsu tana bayan gari. Ciyawa ta taso mata sosai, kuma noman nan rabon Zainu ne, kowa ya sani, don gadon bayan Kawu ya daina yarda da hauya tun shekara biyar. Na hango shi shi kaɗai a tsakiyar gonar, a duƙe, ya ɗaure ƙugu da tsohon rawani. Yana sara uku ya tsaya, ya dafa gwiwa, ya ci gaba. Ranar hutun shanu ce, ranar da shi ma ya saba zama. Mai zagon ƙasan nawa ke nan.

Na tsaya a bakin gona da jawabin da na shirya, na nemi farkonsa na rasa.

"Sannu da aiki, Kawu."

"Yawwa. In taimako kaz zo, ga hauya can. In magana ce, na ji ta jiya."

Na duba hauyar. Na tuna ina da atisayen yamma da zan shirya. Koci ba shi da lokacin kansa.

Ran Juma'a bayan la'asar, ina fili ina sa sauran suna jan taya karo na ƙarshe don ƙarfin ya zauna da kyau, na hango Zainu ya kai shanu shan ruwa. A hanyar dawowa uban ya tsayar da shi, ya nuna masa wata bishiya da sanda. Yaron ya ruga, ya dawo a hankali. Sau uku kawai, sai Kawu ya ɗaga hannu. Haka yake yi wa bijimai bayan hutu: ya ɗaura musu karkiya ba garma, su ɗan zaga, ƙafa ta tuna aikinta. Na ce wa Mansur ya duba yadda ake wasa da makomar yaro. Mansur bai duba ba, yana kwance rub da ciki a kan taya.

Asabar muka cika bas ɗaya zuwa Bodinga. Wajen sauka, 'yan wasana suna saukowa ɗaya-ɗaya suna riƙe ƙofa, kamar masu dawowa daga asibiti. Filin ya cika da yara daga ko'ina. Mutanen birni sun zo da tef na awo, da agogon gudu na gaske, da wani allo mai lambobi da aka jingina a bango. Babbansu wani mai furfura ne da tumbi da takarda a hannu.

Mansur ya fara. Ya tsuguna, ya yi nishi irin na masu dambe, ya tashi sama. Da ƙyar za ka zura silifa tsakanin ƙafarsa da ƙasa. Na biyu ya fi shi da kaɗan. Na uku ya yi gudun mita talatin kamar yana tafe cikin fadama. Mai furfura ya dube ni.

"Kai ne kocinsu?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Daga Shagari da ƙafa kuka zo?"

Na ce hanya ce ba kyau.

Aka kira Zainulabidin Mode. Ya fito yana hamma, fuska ta cika da barcin kwana uku. Na rufe ido ɗaya. Ya ɗan lanƙwasa, ya tashi, ya mari allon can sama inda ba wanda ya taɓa tun safe. Mai awo ya ce ya sake, ko kuskure ne. Ya sake, ya ƙara da yatsa ɗaya. A gudu agogonsu ya ba shi huɗu da ɗigo huɗu, abin da wayata ba ta taɓa gani ba. Duk simintin nan na wata biyu ashe yana nan a cinyarsa, gajiya ce ta zauna a kai. Da aka ba su ƙwallo ya ci biyu, ya ba da ɗaya. Cikin sunaye ukun da aka karanta, nasa ne na biyu. Daga Guguwar Mandera shi kaɗai ya wuce awo.

Mai furfura ya kira ni gefe, ya ce yaya aka yi yaro ɗaya ya bambanta da sauran haka. Na gyara usur a wuya. Na ce wani tsari ne nawa da nake gwadawa: ƙarfe mako takwas, sannan hutun kwana uku cur kafin gwaji, sauran kuma na bar su a kan tsohon tsari don a ga bambanci. Ya gyaɗa kai, ya ce haka ake yi, har ya rubuta wani abu. Zainu yana bayansa yana kallona. Na yi masa alama da ido cewa taubashi ba ya tona taubashi a gaban baƙi.

Da la'asar muka iso Mandera. Na riga kowa zuwa gidan. Kawu yana gindin dogon yaro yana zuba wa shanu dusa, rawanin nan har yanzu a ƙugunsa, yana duƙawa a hankali kamar mai tsoron karyewa.

Na tsaya na buɗe murya. Na ce masa an ɗauki Zainu. Na ce yau Mandera ta shiga tarihi ta hannunsa. Na kira shi farfesan hutu, likitan cinya, gagara-gajiya na ƙasar Shagari da Bodinga har zuwa bakin Lambara. Na ce abin da Turawa suka ɓoye ba su sa a bidiyo ba, shi ya tono shi a gindin bishiya.

Bai daina zuba dusar ba. Ya tambayi yaushe yaron zai tafi. Na ce bayan kwana goma. Ya shafa wuyan Ƙarami, ya daɗe yana shafawa, yana kallon igiyar jan shanu da ke rataye a reshe.

Ni dai na ci gaba. Na ce zan rubuta tarihinsa kaf, a karanta a birni, a san irin mutanen da muke da su. Na ce ya faɗa mini sirrin da bakinsa, kalma-kalma, in sa a ƙarshe don masu zuwa nan gaba.

Ya karkaɗe kwanon dusar, ya kife shi.

"Yaro ya gaji, nic ce ya kwanta. Mi ne na rubutawa ciki? Jibi ranar aiki ta, kuma tunda ka raba ni da mai riƙon igiya, ka zo da asuba ka fara koyo. Ka bar usur ɗin gida, shanu ba su son shi."